Shafi ko shaida: amsar tela ga yaronsa

Ɗana, ka tambaye ni ko sai ka buɗe shafi a Facebook ko Instagram kafin wani babban shago ya ɗauke ka in na yaye ka. Ba dole ba ne. Amma yana da ranarsa, in ka san abin da za ka ɗora a kai.

Dubi yadda ake ɗaukar tela a garin nan. Azumi na kamawa, shadda da yadi na ta fitowa daga Kantin Kwari, kowane maigida ya shiga neman ƙarin hannu. Ba waya yake fara dubawa ba, tambayarsa ita ce: yaron wa ne? Sai ya kira ni ya ji ko kana cika alkawari, ko ana iya bar maka shago da kayan mutane. Daga nan ya miƙa maka yadi da almakashi ya ce yanka kaftani. In ka gama sai ya juya rigar ciki waje, ya dubi hammata da bakin aljihu, ya ga yadda wuya ya zauna. Yawan mabiya ba ya miƙe wuyan da ya karkace.

Amfanin shafi sai inda ba a san ni ba. Mai shago a Abuja ko Legas ba shi da wanda zai tambaya, hoton ɗinkinka ne zai fara yi maka magana. To ka ɗauka da rana a bakin ƙofa, gaba da baya, ka matso kusa har a ga layin zare. Ɗan bidiyo da ya nuna hannunka a kan keke ya fi hotuna tuli, domin shi ba a aronsa. Sitatus na WhatsApp kuwa awa 24 yake yi ya ɓace, kada ka dogara da shi. WhatsApp Business na da wurin jera kaya inda aikinka zai zauna da lambarka.

Abin da ya fi damuna shi ne shafin da ke rufe ƙofa. Kada ka ɗauko ɗinkin wani ka ce naka ne, ranar gwaji asiri zai tonu, sunana ma ya ɓaci tare da naka. Kada ka ɗora hoton mai kaya ba da izininsa ba, balle matar mutum. Rataye rigar a hanga ka ɗauka. Sannan zage-zagen siyasa da habaicin da kuke yi da dare, wallahi mai ɗaukar aiki yana gangarawa ƙasa ya karanta. Wanda ya ga ka zagi sa'an mahaifinka a fili ba zai bar ka da kwastomansa ba. Ka zauna ka goge su tun yau.

Kaftanin nan mai ruwan toka da ka gama jiya ya yi kyau. Yi masa guga, ka nemi izinin mai shi, ka fara da shi.