Shin Da Gaske An Cire Wasu Matakai Daga Wasan Sonic 2?

Tambaya: Malam, na taso ina buga Sonic 2 a na'urar Sega, kuma kwanan nan na sauke na waya, sai na faɗa wani rami na tsinci kaina a wani mataki da ban taɓa gani ba mai suna Hidden Palace. Wani aboki ya ce mini kamfanin ya kammala matakai da dama tun asali, sannan ya ɓoye su a cikin kaset. Mene ne gaskiyar wannan magana?

Amsa: Abokinka ya kama rabin gaskiya. An cire matakai daga Sonic the Hedgehog 2 kafin fitarsa, amma babu ko ɗaya daga cikin waɗanda aka sani da aka kammala har ƙarshe, kuma wanda ka gani a waya sabon gini ne da aka ɗora bisa tsohon harsashi.

An yi aikin wasan a cibiyar Sega Technical Institute da ke Kaliforniya a Amurka, inda ma'aikatan Japan irin su Yuji Naka da Hirokazu Yasuhara suka haɗu da masu zane 'yan Amurka. Kamfanin Sega ya ƙudurta cewa dole wasan ya shiga kasuwa kafin cinikin Kirsimeti na 1992, domin a lokacin gasa tsakaninsa da Nintendo ta yi zafi, kuma haka aka yi: ya fita a Japan ranar 21 ga Nuwamba, sannan a Amurka da Turai ranar 24 ga watan. Ban da ƙurewar lokaci akwai ƙarancin wuri, domin kaset ɗin bai wuce megabait 1 ba, wato ƙasa da girman hoto guda da wayarka take ɗauka a yau, kuma a cikin wannan ɗan wuri ne za a cusa zane da sauti da dukkan taswirar matakai.

Tsarin farko ya fi abin da ya fito girma nesa ba kusa ba. A 2017 Yasuhara ya nuna tsofaffin taswirorinsa a wani taron masu ƙera wasanni a ƙasar Foland, inda aka ga cewa an so Sonic ya riƙa tafiya tsakanin zamanin da, da na yanzu, da kuma nan gaba da Robotnik, babban abokin gabar Sonic, ya lalata. An yi watsi da wannan tunani da wuri, kuma da faɗuwarsa matakai da dama suka rasa gurbi.

Hidden Palace shi ne wanda aka fi nisa da aikinsa. Kogo ne na ƙarƙashin ƙasa mai duwatsu masu ƙyalli da ruwa, kuma manufarsa ita ce ya zama wurin da za a kai Sonic bayan ya tara duwatsun Chaos Emerald guda 7, domin ya sami ƙarfin rikiɗa zuwa Super Sonic. A kwafin gwaji da ya tsira ana iya tafiya a cikinsa har zuwa wani gangare mai tsayi da ba a iya haurawa ta hanyar wasa ta yau da kullum, kuma babu shugaban abokan gaba a ƙarshe. Da aka cire shi an goge zanensa daga kaset, amma ba a share komai da komai ba. Wanda ya shiga wurin sauraron sautuka na wasan ya zaɓi lamba 10 zai ji wani kiɗa mai sanyi da ba a jin sa a kowane mataki, kuma wanda ya tilasta wa wasan buɗe matakin da na'urar maguɗi irin Game Genie, abin da zai gani shi ne tarkacen zane a hargitse. Ina ganin daga nan ne jita-jitar matakan da aka ɓoye ta samo tushe.

Sauran ba su kai nan ba. Wood Zone, wato matakin daji mai dandamali a kan bishiyoyi, ɗan farkonsa kawai aka gina. Akwai kuma matakin hamada wanda hotonsa ya fito a mujallu, alhali hoton zane ne da aka haɗa domin talla, ba a ɗauko shi daga wasan da ake bugawa ba. Genocide City kuwa suna ne a jerin matakai, idan aka buɗe shi sai Sonic ya faɗa cikin fili fayau ya mutu. Sai dai aikinsa bai tafi a banza ba, domin an ɗauki taswirarsa aka mayar da ita zango na uku na matakin Metropolis, kuma wannan ne dalilin da ya sa Metropolis yake da zango 3 yayin da matakan da suka gabace shi suke da biyu-biyu. Wasu matakan kuma suna kawai aka sauya musu: Emerald Hill an fara kiransa Green Hill, Aquatic Ruin kuma Neo Green Hill.

Mafi yawan wannan sani ya zo ne daga wani kwafin gwaji da wani mai sha'awar wasan, Simon Wai, ya ci karo da shi a wani shafin intanet na Sin a ƙarshen shekarun 1990, kuma har yau da sunansa ake kiran kwafin. Naka ya taɓa bayyana cewa mai yiwuwa daga wani kaset ne da aka sace a bajekolin kayan wasa a Niyok a 1992. Wani kwafin da ya girme shi, wanda aka nuna a shirin talabijin na Nick Arcade, ya bayyana a 2006.

Game da abin da ka gani a waya, a 2013 ne Christian Whitehead da Simon Thomley suka sake gina wasan domin wayoyin iOS da Android, suka dawo da Hidden Palace da sabuwar taswira da sabon shugaban abokan gaba, suka sanya ƙofarsa a ramin zango na biyu na matakin Mystic Cave, ramin da a tsohon kaset ƙayoyi ne a ƙasansa kuma babu hanyar fita. Kada kuma ka rikita shi da Hidden Palace na wasan Sonic & Knuckles na 1994, wanda sunan ya gada amma zanensa da tsarinsa daban ne. A ra'ayina na wayar aiki ne mai kyau, amma idan kana son ganin ainihin abin da ma'aikatan 1992 suka bari a kan tebur, bidiyon kwafin Simon Wai za ka nema.