Dukan Yarinta da Ciwon Girma: Amsoshin Likita kan Binciken 'Yan Ƙabilar Sami

Assalamu alaikum. A makon jiya na ambaci wani bincike daga ƙasar Norwe, wanda ya nuna yadda azabar da aka gana wa yaro take bin sa har ya yi furfura. Saƙonni sun shigo da yawa a kai, ga huɗu daga ciki.

Wani malamin makaranta daga Zariya: Likita, su wane ne Sami ɗin nan, kuma me aka gano a kansu?

Malam, Sami su ne 'yan asalin ƙuryar arewacin Turai. Ƙasarsu, wadda suke kira Sapmi, ta ratsa Norwe da Suwidin da Finlan har yankin Kola na Rasha, mafi yawansu kuma a Norwe suke. An san su da kamun kifi da kiwon rendiya, wata irin barewar ƙanƙara mai ƙaho rassa-rassa, ko da yake yau akasarinsu ma'aikata ne da 'yan kasuwa kamar kowa.

A shekarar 2012 Cibiyar Binciken Lafiyar Sami ta Jami'ar Tromso ta raba takardun tambayoyi a ƙananan hukumomi 25, aikin da aka sa wa suna SAMINOR 2. Mutane fiye da 11,000 masu shekara 18 zuwa 69 suka amsa, Sami da maƙwabtansu waɗanda ba Sami ba. Astrid Eriksen da abokan aikinta suka tattara abin da ya shafi cin zarafi, wato duka, da zagi ko wulaƙanci, da lalata. Abin da suka fitar a 2015 ya girgiza ƙasar: kashi 49 cikin ɗari na matan Sami sun ce an taɓa cin zarafinsu, a kan kashi 35 na sauran matan. A maza kuwa kashi 40 ne a kan 23.

A 2018 suka koma kan abin da ya faru kafin mutum ya kai shekara 18. Kusan mace ɗaya cikin uku ta Sami ta sha azaba a yarinta, sauran matan kuma wajen ɗaya cikin biyar. Waɗanda abin ya taɓa sun fi sauran fama da tsananin damuwa, da fargaba, da ciwon firgicin da kan biyo bayan tashin hankali. Abin da na fi so ka riƙe shi ne, wannan alaƙa ta bayyana a ɓangarorin biyu. Yaron Sami da yaron da ba Sami ba, idan aka gallaza musu, tabon iri ɗaya ne. Bambancin kawai, yaran Sami sun fi faɗawa ciki.

A matsayina na likita sai na ƙara da cewa wajen kashi 27 ne kawai na waɗanda aka aika wa takardar suka amsa, kuma da tunawa suka amsa. Duk da haka sakamakon ya dace da abin da aka gani a ƙasashe da dama.

Wata ɗaliba mai koyon aikin jinya daga Maraɗi: Norwe ƙasa ce mai arziki da doka. Ta yaya haka ta faru? Ko dai al'adar Sami ce ta zo da duka?

'Yata, a'a, kuma ina roƙonki kada ki taɓa yi wa wata al'umma wannan hukunci, domin gobe kina iya samun 'ya'yanta a kan gadon asibitinki. Norwe ta haramta dukan yara tun 1987, Suwidin ma ta riga ta, a 1979. Amma doka ba ta shafe abin da aka shuka shekara ɗari.

Tun wajen 1850 gwamnatin Norwe ta ɗauki manufar mayar da Sami 'yan Norwe ƙarfi da yaji. Aka gina makarantun kwana a lardin Finmak, ana raba yaro ɗan shekara bakwai da uwarsa na watanni, a zaunar da shi gaban malamin da ba ya jin yarensa, a hana shi magana da harshen da ya sha a nono. Da yawa sun fito suna jin kunyar asalinsu, har wasu suka ƙi koya wa 'ya'yansu yaren. A ganina, wanda bai tashi a jikin uwa da uba ba, ya tashi a hannun tsawa, zai sha wuya kafin ya iya renon nasa da taushi. Sannan mutanen da hukuma ta wulaƙanta kakanninsu ba sa saurin kai ƙara wurin hukuma.

Abin da ya faru a Tisfiyod ya nuna haka. A lokacin ƙaramar hukuma ce a arewacin Norwe mai mutane wajen 2,000, da yawansu Sami. A 2016 wasu mata da maza suka fito a jarida suka faɗi abin da aka yi musu suna yara. A 2017 'yan sanda suka bayyana laifukan lalata 151, da mutum 82 da aka cutar, mafi daɗewar laifin tun 1953. Shekara sittin da ɗoriya ana rufa-rufa. Zumunci ya yi ƙarfi, ba mai son tona asirin dangi. Wasu sun ga cewa idan an nemi gafara a cikin jama'ar coci, magana ta mutu. Akwai kuma wata kalma tasu, birget, wato mutum ya iya da kansa, ya jure bai koka ba. Hali ne da ya raya su a cikin ƙanƙara, amma ya ɗaure bakin yarinyar da aka zalunta. Ke da kika tashi kina jin "yi haƙuri" da "a rufa asiri", kin san nauyin irin wannan kalma.

Sarki Harald na Norwe ya nemi afuwar Sami a 1997. Hukumar gaskiya da sasantawa, wadda ta binciki waccan manufa ta mayar da Sami 'yan Norwe, ta miƙa rahotonta a 2023, majalisar dokokin ƙasar ta ba da haƙuri a 2024.

Wani ɗan kasuwa daga zangon Kumasi: Mu ma mun sha bulala, ga mu lafiya lau. Ba zuzutawa ba ce ta Turawa?

Alhaji, Allah Ya ƙara lafiya. Gaskiya ne ba kowa ke kamuwa ba. Yaron da ya samu ko da babba ɗaya mai tausaya masa, kaka ko goggo ko malami, yakan tsira da sauƙi. Sai dai lafiyarka ba hujja ba ce a kan ɗan'uwanka da bai yi barci mai daɗi ba shekara ashirin.

Idan yaro yana zaune cikin tsoro kullum, jikinsa na ta tsiyayar da sinadaran firgici irin su kotisol, ƙwaƙwalwarsa da ke kan girma ta saba da zaman ko-ta-kwana. Sai ya girma, hatsarin ya wuce, amma ƙararrawar ta ƙi yin shiru. A Amurka, binciken likitoci Felitti da Anda, wanda aka fara wallafa sakamakonsa a 1998 kuma ya tattara mutane fiye da 17,000 gaba ɗaya, ya nuna cewa yawan masifun yarinta na tafiya da ciwon zuciya, shaye-shaye da yunƙurin kashe kai. A Nijeriya ma, binciken gwamnati na 2014 ya gano yara shida cikin goma na fuskantar cin zarafi kafin shekara 18.

Wata uwa daga Kano: Na tashi a hannun riƙo, na sha duka, wani na gida kuma ya yi min abin da ban taɓa faɗa wa kowa ba. Yanzu shekarata 38. Ina mugun mafarki, gabana na faɗuwa, jikina duk ciwo, an yi gwaji ba a ga komai ba. Ina yawan yi wa 'ya'yana tsawa sai in koma ina kuka.

'Yar'uwa, sannu. Abin da aka yi miki zalunci ne, ba ki da laifi ko ƙwayar zarra, kuma rubuto min da kika yi ba ƙaramar jarumta ba ce.

Ba zan yanke hukunci ta wasiƙa ba, amma alamominki sun yi kama da ciwon firgicin da na ambata a sama, wataƙila tare da ciwon damuwa. Ciwon jikin ma na gaske ne, ba raki ba. Masu binciken Sami ɗin nan sun gano a 2016 cewa waɗanda aka ci zarafinsu a yarinta sun fi fama da ciwon jiki mai naci, kuma a wurare da yawa na jiki.

Akwai magani. Babbansa shi ne zama da ƙwararre a tattauna, a bi abin da ya faru sannu a hankali, gwargwadon yadda za ki iya ɗauka, har tunawar ta daina kayar miki da gaba. Idan da buƙata a haɗa da ƙwayoyin rage damuwa, waɗanda kan ɗauki mako biyu zuwa shida kafin a ji amfaninsu, kuma ba a yanke su farat ɗaya. Ki guji sayen maganin barci a kemis. Addu'a da azkar ki riƙe su, ba sa karo da asibiti.

A garin Karashok na arewacin Norwe an kafa cibiyar lafiyar ƙwaƙwalwa ta Sami domin an lura mutum ya fi iya buɗe cikinsa da harshen uwarsa, a gaban wanda ya san al'adarsa. Ke ma ki nemi wanda zai saurare ki da Hausa, kuma kina da damar cewa likita mace kike so. A Kano akwai sashen lafiyar ƙwaƙwalwa a Asibitin Koyarwa na Aminu Kano, da asibitin Dawanau. Ba sai kin faɗi komai a zaman farko ba.

Idan kika ji ranki ya fara ɓaci da yaran, ki fita tsakar gida, ki yi alwala, ki ja numfashi a hankali, sannan ki dawo. Idan kuma tunanin cutar da kanki ya taɓa zo miki, kada ki jira ranar ganin likita. Ki faɗa wa wadda kika amince da ita, ta raka ki asibiti a ranar.