Tambaya da Amsa: Me Rubutun Jikin Taya Yake Nufi?

Tambaya: Assalamu alaikum. A jikin tayar motata an rubuta 195/65 R15 91H. Ina son sayen na gwanjo guda biyu, mai shago ya ce zanen kawai zan duba, in bai suɗe ba shi ke nan. Haka ne? Daga wani mai karatu a Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam. Malam, kada ka tsaya a zane. 195 faɗin tayar ne a milimita, 65 kuma tsayin gefenta, wato kashi 65 cikin ɗari na faɗin, kusan milimita 127. R na nufin radiyal ce, wato salon ƙirar cikin tayar, 15 kuwa girman rim ne a inci.

Inda mutane suka fi sakaci shi ne 91H. Lamba 91 na nufin taya ɗaya kilo 615 take ɗauka, H kuma iyakar gudunta kilomita 210 a awa. Mai harafin T ta 190 ce, mai V ta 240. Kada ka sauka ƙasa da abin da kamfanin motar ya ƙayyade. Masu bas irin Hiace su nemi mai harafin C, kamar 195 R15C, domin ita aka yi wa lodi.

Sai shekarun tayar, kuma wannan ne ya fi damun mu a kayan gwanjo. Nemi layin da ya fara da DOT, ka bi shi har ƙarshe. Lambobi huɗu za ka gani a ɗan zagaye: 2319, misali, mako na 23 ke nan na 2019. Wani lokaci a gefe ɗaya kawai ake buga su, sai ka sa a juya maka tayar. In lambobi uku ne, kafin 2000 aka yi ta, bar ta inda ka gan ta. Roba tana bushewa ko ba a hau ta ba. Danna gefen da babban yatsa, za ka ga ƙananan tsagu suna buɗewa kamar faso. Irin wannan ce ke fashewa da azahar a kan kwalta mai zafi, alhali zanenta kamar sabo. Kamfanin Michelin ya ce daga shekara biyar a riƙa duba taya duk shekara, in ta kai goma a cire ta.

Ka ga hoton tsauni mai kai uku da ƙwayar ƙanƙara a ciki a jikin tayar? Galibi tayar hunturun Turai ce. Robarta laushi gare ta, zafinmu yana cinye ta da wuri, birki ma ba ya kamawa sosai.

Adadin iskar da aka rubuta a jikin taya iyaka ne, ba shi mai faci zai dura maka ba. Na motarka galibi yana kan takardar da ke manne a bakin ƙofar direba, kuma da safe ake aunawa, kafin taya ta ɗau zafi.