Amsa ga ɗan uwan da mitar pH ɗinsa ta ƙi tsayawa

Wa'alaikumus salam ɗan uwa. Na ga tambayarka, ka ce mitar pH ɗinka, wato ma'aunin tsamin ruwa, irin mai kama da biron nan da kake gwada ruwan tarwaɗa da ita yanzu lambarta ba ta tsayawa wuri ɗaya sai ta yi ta hawa tana sauka, kuma kullum in ka gama aiki ruwan batir kake zuba mata a murfi ka ajiye, wani lokacin ma ka zo ka tarar murfin ya bushe, shin ka jefar ne ko da gyara. Toh kar ka jefar tukuna, amma gaskiya ajiyar nan da kake mata ita ce ke kashe ta, kuma wallahi mutane da yawa a harkar nan tamu haka suke yi saboda mai shago ba ya faɗa ma kowa komai, kuɗinsa kawai zai karɓa.

Bari in maka bayanin abin da ke bakin mitar sai ka gane dalili. In ka cire murfi za ka ga ɗan ƙwallon gilashi, toh gilashin nan ba irin na kwalba ba ne, yana da wata 'yar fata siririya a samansa da ido ba ya gani wadda sai tana jiƙe take iya aiki, da zarar ta bushe shikenan sai mitar ta koma jinkiri da ƙarya. A gefensa kuma akwai wani ɗan farin ɗigo ko ɗan zare, ƙofa ce da ke haɗa ruwan da kake gwadawa da ruwan gishirin da ke cikin mitar, shi wannan gishirin sunansa KCl, potassium chloride, kuma mai kauri ne sosai. In ka tsoma bakin a ruwan batir ko ruwan distil ka bar shi kwana da kwanaki, shi ruwan ba komai a cikinsa, sai ya riƙa tsotso gishirin nan ta ƙofar a hankali har na cikin ya salance, kamar dai ka jiƙa daddawa a ruwa ka bar ta, ƙarshe ruwan ne zai kwashe ɗanɗanon. Irin mitocin nan na biro kuma a rufe suke ba a ƙara musu ruwan ciki, abin da ya fita ya fita kenan. Kaga kenan duka biyun sun same ta, bushewa da kuma tsotsewa.

Ruwan distil na ɗauraya ne kawai, ba na ajiya ba. Wannan in ka riƙe shi kaɗai ma ka ci riba.

Abin da ake ajiye ta a ciki shi ne ruwan KCl ɗin nan, ana sayar da shi a 'yar kwalba wajen masu kayan lab, kamfanin Hanna suna yi, kamfanin Milwaukee ma suna yi, kwalba ɗaya za ta daɗe maka sosai tunda ɗigo kaɗan kake sa wa a murfi. In garin KCl ka samu mai kyau na lab, ka auna giram 22 ka zuba ruwan distil har ya kai mil 100, ka kaɗa ya narke, shi kenan ka haɗa. Amma don Allah kar wani ya ce maka gishirin miya ma zai yi, ba zai yi ba, shi sodium ne. Haka jan takin potash ɗin nan na buhu, eh KCl ne amma da datti da kala a ciki, zai toshe maka ƙofar. In duk babu, ka zuba ruwan bafa, wato ruwan saita mita da aka san pH ɗinsa, na pH 4 kafin ka samu na ainihi.

Yanzu ga abin da za ka yi wa taka. Ka fara wanke bakin da ruwan ɗumi da ɗan ɗigon sabulun ruwa, domin ruwan kifi akwai yauƙi da man abinci da gansakuka, duk suna liƙewa a gilashin su toshe ƙofar. Ka ɗauraye sosai. Sai ka tsayar da ita a ƙaramin kofi da ruwan KCl ya rufe ƙwallon da ɗigon duka, ta kwana a haka. In ka hango kumfar iska a cikin ƙwallon ka yarfa ta ƙasa yadda nas ke yarfa ma'aunin zafi, za ta haura. Da safe ka ɗauraye ka saita ta da sabon bafa, ka fara da na 7 sannan na 4, in kuma taka irin mai zuwa da garin leda ce toh 6.86 da 4.01 ne, kowace leda a mil 250 na ruwan distil ake narka ta. Ka lura da ruwan batir ɗin da kake saya ma, ka tabbata tsurar distil ne ba mai asid ba.

Abu ɗaya da nake gani kullum a gonaki yana ba ni takaici, yaro ya gama gwaji ya kama bakin riga ya goge gilashin. Kar a goge shi sam, ko da tishu ne ɗan dangwalawa kawai ake yi a ɗauke ɗigon ruwa, gogewa tana ƙarce fatar nan kuma tana sa lamba ta yi ta yawo. Sannan bafan da ka tsoma mita a ciki kar ka maida shi kwalba, ka tsiyayi kaɗan a murfi mai tsafta in ka gama ka zubar. Bafa na 10 kuwa yana shan iska ya lalace da wuri in an buɗe, kar ka dogara da tsoho.

Yanayinmu ma yana da nasa. Da hunturu murfin nan cikin 'yan kwanaki ya ƙafe, don haka ka riƙa leƙawa duk sati kana ƙara ɗigo, ka sa ɗan guntun soso a ƙasan murfin ya riƙe danshi, ka ajiye ta a tsaye baki na kallon ƙasa. Da bazara kuma kar a bar ta a mota ko kan bakin tanki a rana, zafi yana tsufar da ita da sauri. In ka ga farin gari ya taru a bakin murfi kar ka tsorata, gishirin ne ya bushe, ɗauraya kawai yake so.

Toh yaya za ka san ta farfaɗo? In ka sa ta a bafa ya kamata ta tsaya cikin minti ɗaya ko ƙasa da haka, kuma ta nuna kusa da abin da ke rubuce. In ta kwana a KCl har sau biyu amma tana nan tana yawo ko ta ƙi karɓar saiti, ta gama yayinta. In kuwa lamba kusan ɗaya take ba ka a na 4 da na 7, gilashin ne ya tsage, wannan ba gyara. Dama ko da kyakkyawar kulawa bakin mita shekara ɗaya zuwa biyu yake yi, shi ya sa in za ka sake saye ina ba ka shawara ka nemi wadda ake kwance bakin a canza.

Kafin nan dai kar ka zuba farar ƙasa ko wani magani a tanki bisa lambar da take ba ka yanzu, domin in pH ya haura ammoniya, gubar da ke taruwa a ruwa daga kashin kifi, tana ƙara dafi, kifi za su sha wahala a banza. Ka samu takardar gwajin pH ko maganin gwaji na ɗigawa ka riƙa kwatantawa, kuma ka riƙa gwadawa a lokaci ɗaya kullum tunda ruwa mai kore da asuba pH ɗinsa ƙasa yake, da la'asar ya hau. In ka jiƙa ta ta kwana ka turo mana lambobin da ta nuna a bafan biyu mu duba tare. Allah ya sa albarka a kiwon.