Tambaya da Amsa: Raba Aikin Tace Saƙonnin Banza Tsakanin Kwamfutoci Biyu

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni ke kula da imel na wata makaranta a Samaru, Zariya. Uwar garke ɗaya ce ke karɓar saƙonninmu, manhajar SpamAssassin kuma ke tace su don ware saƙonnin banza, amma da zarar lokacin rajistar ɗalibai ya zo sai saƙonni su yi cunkoso, wani ya shafe awa biyu bai iso ba. Mun sayo kwamfuta ta biyu. Yaya zan raba musu aikin?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Rabon kansa ba shi da wuya. A bayanan DNS na sunan makarantarku na intanet (DNS shi ne kundin da ke haɗa suna da adireshin kwamfuta) ka rubuta MX biyu, wato layukan da ke nuna kwamfutar da ke karɓar imel, ɗaya ga kowace kwamfuta, ka ba su lambar fifiko iri ɗaya, misali 10 da 10, masu aiko saƙo za su riƙa rarrabuwa tsakaninsu. In kuwa tacewar ce kaɗai ke cin ƙarfin na'ura, ka bar karɓar saƙo inda take, ka kunna spamd, wato ɓangaren SpamAssassin da ke yin tacewar, a kan kwamfutocin biyu a ƙofar sadarwa (port) ta 783, sannan ka ba spamc, wato ɓangaren da ke miƙa wa spamd saƙonni, sunayen kwamfutocin duka tare da alamar -H domin ya riƙa zaɓar ɗaya a kowane karo.

Abin da na fi so ka mai da hankali a kai shi ne kwamfutocin biyu su yi hukunci iri ɗaya. SpamAssassin yana koyo daga saƙonnin da ya taɓa gani ta hanyar lissafin Bayes, wato auna yiwuwar saƙo ya zama na banza daga kalmomin da ke cikinsa, kuma idan kowace ta ajiye nata ilimin daban, saƙon da wannan ta kora waccan za ta buɗe masa ƙofa, ma'aikata su rasa dalilin da ya sa yau akwati tsaf, gobe kuma cike da tarkace. Saboda haka ka zuba wannan ilimi a rumbun bayanai na MySQL guda da dukansu za su riƙa karantawa. Dokokin tacewa da jerin adireshin ma'aikata su ma su zama ɗaya, domin kwamfutar da ba ta san su wane ne ma'aikatanku ba, za ta karɓi saƙon kowane adireshin ƙarya, daga baya ta mayar da shi ga mutanen da ba su aiko ba, har sunan makarantarku ya faɗa jerin waɗanda ake toshewa.

Kada ka mai da ta biyun 'yar jiran gado mai lambar fifiko 20, wato wadda ake nufa sai in ta farko ba ta amsa ba, da sassauƙan tsaro, don masu saƙon banza da gangan suke neman irinta.

Tun da mun san halin wutar lantarki a garin nan, ka haɗa kowace da batirinta daban, domin in ɗaya ta mutu ɗayar ta ci gaba da karɓa.