Hoton duniyar Mas a waya, wai kafirci ne a yarda da shi?

Tambaya: Salamu alaikum Malam, daga Jekadafari nake a Gombe. Yarona ne ya sa hoton wasu jajayen duwatsu a fuskar wayarsa wai a duniyar Mas wata mota ta ɗauko, sai wani a majalisarmu yace duk wanda ya yarda ya kafirta don sama a tsare take. Ya abin yake?

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Hoton dai ba komai, dutse ne da yashi babu mai rai a ciki, kuma Ibn Abbas da kansa ya ce wa mai sana'ar zane in dole sai ka yi to ka zana bishiya da abin da ba shi da rai, Bukhari da Muslim duk sun kawo. Bar wa yaro wayarsa.

Maganar kafirci ce ta dame ni. Tsaron da Suratul Jinni aya ta 8 da 9 ta ambata na aljanu ne masu satar jin labarin sama, ita kuwa Mas, wadda Larabawa ke kira Mirrikh tun tuni, abokiyar zagaya rana ce irin wannan duniya tamu, wanda ya aika ƙarfe can ko ƙofar sama ta ɗaya bai ƙwanƙwasa ba. Ai Allah ne ma ya ce mu duba abin da ke sammai da ƙasa a Yunus aya ta 101. Motar hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka (NASA) mai suna Curiosity tun Agustan 2012 ta sauka, Perseverance ta bi a Fabrairun 2021, Sin ma da ba sa ga maciji da Amurka sun sauke tasu Zhurong a shekarar kuma irin jan ƙasan nan suka gani, tsatsar ƙarfe ce a ƙurar ta sa ta ja. Ni da na fara gani wallahi na ɗauka gindin dutsen Bima ne da rani, illa dai ko tsinken ciyawa babu.

Wanda ya yarda bai yi laifi ba, wanda ya yi shakka ma haka, labarin duniya ne ana auna shi da hujja. Amma a sani manyan hotunan guntu-guntu ake ɗauka a haɗa, wani lokaci a gyara launi, sannan waɗanda ake yawo da su a Facebook wai an ga masallaci ko kabari a can kar ka tura wa kowa, Hujurat aya ta 6 ta ce a bincika.

Shi kuma mutumin majalisa ka ja shi gefe, ba a gaban jama'a ba, ka tuna masa wanda ya ce wa ɗan'uwansa kafiri kalmar kan ɗayansu za ta faɗa. Wallahu a'alam.