'Yata ta nace sai Tchaikovsky, ga wuyanta yana ciwo

Tambaya: Malam, 'yata mai shekara 10 tana koyon bayolin, wato gogen Turawa, shekara uku ke nan. Tun da ta ga bidiyon Chloe Chua, wata yarinya gwanar bayolin, tana kaɗawa a gaban cikakkiyar ƙungiyar makaɗa, ta nace sai konshaton Tchaikovsky, wato dogon kiɗan da wannan mawallafi ya rubuta wa mai bayolin ɗaya tare da ƙungiyar makaɗa. Malaminta ya sa muka sayi babban bayolin, tana atisaye awa huɗu kullum. Yanzu da dare kuka take da wuyanta da hannun hagu. Shi ya ce haka kowa ya fara. Hankalina ya ƙi kwanciya. Wata uwa, Abuja.

Amsa: Hajiya, yau ɗin nan ki rufe bayolin ɗin a akwatinsa, ki kai ta likita ya duba. Idan yatsunta suna yin sanyi ko kamar ana tsira mata allura, kada ki jira gobe.

Zancen "haka kowa ya fara" kuwa na gaji da jin sa. Wallahi ƙarya ce. Kan yatsa ya ɗan yi zafi kafin ya yi kanta, wannan daidai ne. Amma ciwon da ke hana yaro barci, a wuya ko kafaɗa ko wuyan hannu, rauni ne, jijiya ce ke neman ɗauki. An sha kawo mini yara kafaɗar hagu a ɗage har kusa da kunne, haƙora a datse, babban yatsa ya shaƙe wuyan bayolin kamar wanda ya kama ɓarawo. In na tambaya, sai uwar ta ce malam ya ce a shafa man zafi a ci gaba. Wane irin malami ne wannan? Ya kalli bidiyo biyu, ya buga katin talla, yana karɓar kuɗi. Shi ba zai kwana da ciwon ba.

Babban bayolin kuma ba riga ba ce da za a ce yarinya za ta girma a ciki. Ki sa mata shi ƙarƙashin haɓa, ta miƙa hannun hagu. Idan tafinta bai rufe kan bayolin ɗin ba alhali gwiwar hannu na ɗan lanƙwashe, ya yi mata girma. A koma ƙaramin bayolin na yara, mai girman 3/4 ko 1/2. Shahararriyar mai bayolin Sarah Chang da ɗan mitsitsin 1/4 ta naɗi faifanta na farko.

Ita Chloe ɗin ma, lokacin da ta raba matsayi na ɗaya da Christian Li a gasar Menuhin ta yara a Geneva a 2018, tana da shekara 11, Vivaldi ta kaɗa a zagayen ƙarshe. Shi kuwa na Tchaikovsky, na 1878, ya haura minti 30, har gwanin bayolin Leopold Auer da aka fara sadaukar masa ya ƙi fara kaɗa shi.

In likita ya ba da izini, ta dawo da minti 20, a huta, a sake. Ta fara da kiɗa mafi sauƙi na su Seitz, Vivaldi, Accolay da Bach. Na Bruch da Mendelssohn sai can gaba. Malamin kuma ki biya shi kuɗin wata, ki sallame shi.